Manomin da ke Cikin Majigi

Duk wanda ya zauna a rumfar Mamuda, a bakin tashar Talata Mafara, ba ya tashi sai hira ta koma zamanin kamfani. Turawan da suka gina madatsar Bakolori ba su fi shekara biyu da kwashe kayansu ba, amma yadda ake ba da labarinsu sai ka rantse an shekara arba'in. Wannan ya tuna faifan Kwango da ake sakawa a kulob ɗin ma'aikata ranar Asabar. Wancan ya tuna wandonsa mai faɗin ƙafa da ke share ƙasa. Wani ya tuna ranar da aka fara kunna talabijin a kwatas ɗin ma'aikata, mutane cunkushe a taga suna kallon hoto baƙi da fari, har aka rufe tasha suka ci gaba da kallon yayyafin da ya rage. Waƙoƙin Indiya kuwa akwai masu rera su har yanzu, da wasu kalmomi da Ba'indiye bai sani ba, Bahaushe ma bai sani ba.

Mamuda yakan sunkuyar da kai cikin rediyon da yake gyarawa ya ƙyale su. Sai an ce, "Ai kai kac ci zamanin nan, Mamuda," sannan ya ɗan murmusa don kada a ce ya yi wulaƙanci. A ransa kuwa haushinsu yake ji. Masu yabon zamanin nan duk waɗanda ba su da gona ne, ko waɗanda gonarsu ke kan tudu ruwa bai kai ba.

Gaskiya ne ya ci zamanin. Shi ne mai sharhin majigi. Shi da abokin aikinsa Ɗanlami, mai tuƙi da kunna inji, sun zagaye ƙasar Maradun da Bakura da Mafara a cikin wata Landiroba mai lasifika biyu a ka. Su isa gari da la'asar, su kafa gora biyu a dandali, su ɗaure farin ƙyalle. Da an idar da sallar isha'i sai Ɗanlami ya fara da guntun fim ɗin Indiya mai rawa, ko na kaboyi, don jama'a su taru. In dandali ya cika sai a saka fim ɗin da ya kawo su, na madatsar ruwa. Baturen da ke magana a ciki akan toshe masa baki, Mamuda ya ɗauki makirfo ya faɗi abin da ake gani da Hausa.

Kuma yana da wata dabara da ta sa aka fi son sa da duk masu sharhi. Kafin a fara, sai ya tambayi sunayen mutanen garin. Da wani ya bayyana a ƙyalle sai ya laƙaba masa sunan ɗan gari. Mai ƙaton ciki ya zama sarkin fawa, mai gudu a kan doki ya zama ladan. Jama'a su yi ta faɗuwa don dariya, wanda aka ambata ya yi ta kare kansa. Babu wanda ya taɓa ɗaukar abin da zafi, domin kowa ya ga fuskar ba ta mutumin ba ce.

A ƙarshen fim ɗin madatsar akwai wani manomi da malfa a kansa, yana tafiya cikin alkama mai kai masa ƙugu, ya ba mutane baya. Yakan yi ta tafiya yana shafa zangarniya, sai can dab da ƙarewa ya juyo ya yi murmushi. Baƙo ne, fuskarsa sumul babu tsaga ko ɗaya, Allah kaɗai ya san ƙasar da aka ɗauko shi. A Faru Mamuda ya kira shi Bello, a Tsibiri ya kira shi Adda, a Jangebe ya ba shi sunan mai unguwa.

Ranar da majigi ya isa Tungar Rimi, ƙauyen da aka haifi Mamuda a bakin gulbi, kansa ya yi girma. Yau ga shi gaban waɗanda suka san shi da ɗan bante, riƙe da makirfon gwamnati. Da manomin ya fito, sai ya hango yayansa Bawa zaune a gaba cikin dattawa, malfarsa a gwiwa.

"Jama'a ku duba!" in ji Mamuda. "Wa kunka gani? Yaya Bawa na, cikin alkamatai! Ku dubi tahiyar. Ko sallama ba shi amsawa, ya zama babban mutum!"

Dandali ya ɗauka. Bawa ma ya yi dariya yana girgiza kai. Ana cikin haka, kafin manomin ya juyo, fim ya maƙale a inji, wani baƙin tabo ya buɗe a tsakiyar ƙyallen, sai fari fat. Ɗanlami ya kashe inji yana tsaki. Hadari kuma ya taso, kowa ya ɗauki tabarmarsa ya yi gida yana dariya.

Bawa ba mutumin dariya ba ne a Tungar Rimi. Shi ne masanin iyaka. Duk faɗin fadamar nan ya san inda gonar kowa ta tsaya, daga wane suri zuwa wace aduwa, da layin gambar da kakan wa ya dasa. In mutum biyu suka yi rikici a kan kunya ɗaya, ba a zuwa wurin alƙali. A kira Bawa ya taka da ƙafarsa, inda ya tsaya nan ne iyaka. Saboda haka da masu awon filin madatsa suka zo bayan wata uku da tutocinsu, hakimi bai yi wani dogon tunani ba, ya ce Bawa ya raka su ya nuna musu gonar kowa don kada a zalunci wani. Ya yi kwana goma sha biyu yana binsu a rana, da malfarsa.

Sauran labarin kowa ya san shi. Ruwa ya hau, ya cinye fadama da rimin da garin ya ci sunansa da maƙabarta. Aka kwashe mutane aka kai su kan fako, inda garma ke tsalle in ta bugi ƙasa. A wajen Bakura da Mafara aka tumɓuke itatuwa aka baje gonaki, damina ta zo ta wuce ba a yi shuka ba. Mutane suka tare hanya, hukuma ta zo da bindigogi, wasu suka fita ba su dawo ba.

Mutumin da aka yi wa irin wannan sai ya nemi wanda zai kama, kuma waɗanda suka yi aikin sun yi nisa, ba a san sunansu ba. Bawa kuwa ga shi nan kullum a masallaci. Sai aka fara haɗa abu biyu. Wa aka nuna a majigi cikin alkama tun kafin masu awo su zo? Wa ya raka masu awo? Ashe tun farko da shi aka shirya. Matan da suka yi kallo daga can baya suka rantse sun gane tafiyarsa. An ba shi fako irin na kowa, amma aka ce wannan rufa-ido ne, gonarsa ta gaskiya tana can wajen Bakura, wani ke noma masa. Ya kira gayya, mutum uku suka zo. Aka daina kiransa raba iyaka. Yara suka sa masa Mai Alkama, suna faɗa suna gudu.

Mamuda ya sha faɗa a zaure cewa wasa ya yi. Akan dube shi a ce, "To mi za ka cewa, ba ɗan'uwanka na ba?" Daga nan ya rage zuwa. A lokacin Mafara na da daɗi, yana da rediyo mai kaset da takalmi mai dogon dunduniya, ya ce wa kansa maganar ƙauye ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba, majigin ne ya wuce. Talabijin ta yawaita, aka jingine Landiroba a kan duwatsu, aka sallame su shi da Ɗanlami. Ya buɗe rumfar gyaran rediyo, yana ba da hayar lasifika a biki da suna.

Abin da ya fi cinsa shi ne Bawa bai taɓa yi masa maganar ba. In ya je da sallah, yayan nasa zai gaishe shi gaisuwa cikakkiya, lafiyar iyali da ta aiki da ta mutanen Mafara, babu abin da zai tsallake. Daga nan sai shiru. Mamuda ya gwammace a mare shi. Shekara tara yana so ya wanke sunan mutumin nan, bai san ta inda zai kama ba.

Wata Talata, ranar kasuwa, Ɗanlami ya zo daga Bakura inda yake tuƙa tarakta, ya zauna a rumfar. Cikin hira ya ce ana share sito ɗin tsohon ofishinsu, an zubar da gwangwanayen fim, yara na yin tabarau da su. Shi dai ya tsinci injin da gwangwani biyu ya kai gida, don tunawa.

Mamuda ya ajiye abin da ke hannunsa. "Da na madatsa ciki?"

"Shina ciki. Mi za ka yi da shi? Wa ka son ganin wanga abu yanzu?"

"Huskar mutumin nan nika so. Mai malhwa. In sunka ga ya juyo, ba tsaga ba komi, magana ta ƙare."

Ɗanlami ya ce injin na tashi, amma ƙwan fitila ɗaya ya rage, shi ma ya yi baƙi, ba a samun irinsa ko a Gusau. In aka gwada a gida, wataƙila ya mutu a wurin gwaji. Mamuda ya ce to kada a gwada. Mene ne abin gwadawa a fim ɗin da ya yi wa sharhi sau ɗari biyu? Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, tun kafin daren Tungar Rimi ya daina kallon ƙyalle. Jama'a yake fuskanta, yana sanin inda aka kai da yadda fuskokinsu ke sauyawa.

Ya je sabuwar Tunga, can kan fakon da aka mai da mutanensu, ya nemi izinin mai gari, ya ce majigi zai kawo irin na da, kyauta. Sannan ya shiga gidan Bawa lokacin da ya san yana gona, ya sami matarsa Taibatu tana sussuka.

"Ɗan birni, yau ka ɓata hanya?" in ji ta. Da ta ji abin da ke tafe da shi, sai ta tsai da taɓarya. "Ka hwaɗa mai?"

"A'a. So nika shi gani da idonai, gaban kowa."

"Mamuda, ka hwaɗa mai."

"Ke dai ki sa shi hito. Wanga karon ki bar min."

Ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da sussuka, ta ce za ta gwada. Shi kuwa ya koma Mafara yana jin sanyi a ransa. Ya riga ya gama ganin abin a kansa: manomi ya juyo, dandali ya yi tsit, dattawa su tashi ɗaya bayan ɗaya su nemi gafarar Bawa, shi kuma yana tsaye a gefe da makirfo. Ko a wannan mafarkin bai manta da ajiye wa kansa wurin tsayawa ba.

Ran Alhamis suka iso da injin da janareton aro a bayan tarakta. Sabuwar Tunga ba ta da itacen kirki, sai suka ɗaure ƙyallen a jikin bangon makaranta. Bayan isha'i gari ya fito kaf. Waɗanda suke yara a wancan karon yanzu su ne samarin da ke gaba. Mamuda ya hango Bawa ya iso a hankali, ya tsufa fiye da shekarunsa. Wani dattijo ya matsa masa wuri a tabarmarsa. Isa ne, wanda a da garkar mangwaronsa ke maƙwabtaka da gonar Bawa, kuma ɗansa na fari yana cikin waɗanda suka fita tare hanya ba su dawo ba. Mamuda ya yi mamakin ganinsu a tabarma ɗaya, amma waya na neman ba shi wahala, bai bi ta kai ba.

Aka fara da na Indiya. Hoton ya dusashe, yana rawa, amma da kiɗan ya tashi sai tsofaffin mata suka kama guɗa, wasu na bin waƙar. Mamuda ya ji tsohon daɗin ya taso masa. Ya sa wa jarumin sunan Gajere mai shayi, dandali ya tuntsire, Gajere ya miƙe yana rantsuwa bai taɓa rawa a kan dutse ba. Rabon da a ji dariya irin wannan a garin an daɗe.

Sai aka saka na madatsa. Mamuda ya manta da yadda yake farawa. Farkonsa gulbi ne, kafin a tare shi, an ɗauka a nan ƙasar Maradun. Ga kwalekwale, ga mata na wanki a kan falalen dutse, ga fadama kore shar, ga itatuwan mangwaro da giginya. A da wannan ne wurin da yakan yi ba'a, ya ce ku dubi wahalar da za a raba ku da ita. Yau sai ya sauke makirfo. Dandalin ya yi shiru, sai ƙarar janareto. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, ga mashayarmu," ta fashe da kuka. Wani mutum ya miƙe yana nuna wa ɗansa wani abu da yatsa, hoton ya wuce kafin yaron ya gani. Isa ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Mamuda ya ce a ransa, ba komai, yanzu za a zo wurin. Aka wuce manyan motoci masu ture ƙasa, aka wuce ruwa na gudu a magudana. Ga alkama. Ga mai malfa ya ba da baya.

"Ga Mai Alkama!" wani saurayi ya yi ihu, 'yan'uwansa suka ɗauka.

"Ku saurara!" in ji Mamuda. "Jama'a ku saurara don Allah. Shekara tara ke nan da nic ce muku wanga mutum Yaya Bawa na. Ƙarya niy yi. Ku zuba ido, yanzu zai juyo ku ga huskatai. Bawa na da tsaga, wanga ba shi da ko guda. Ku duba da kyau!"

Wannan karon ya juya ya kalli ƙyallen. Manomin ya shafa zangarniya, ya taka sau uku, kafaɗarsa ta fara karkatowa. Sai hoton ya yi tsalle, rubutun ƙarshe ya fito, bayansa fari.

Ya dubi Ɗanlami. Ɗanlami ya dafe kai. A lokacin ya tuna. Aikinsa ne duk sa'ad da fim ya ƙone, ya sa almakashi ya yanke wurin da ya lalace, ya manne bakin biyu. Wurin da ya ƙone a daren Tungar Rimi shi ya yanke washegari a gindin rimi, ya jefar. Fuskar ta tafi tun ranar, shekara da shekaru suna yawo da manomi marar fuska, ba wanda ya lura.

"Ya ƙi juyowa!" in ji Gajere. "Kunya shika ji!"

Dariya ta ɓarke. Mamuda ya ɗaga makirfo ya rantse da Allah akwai fuska, ya gan ta a Faru, ya gan ta a Tsibiri, a tambayi Ɗanlami. Amma muryar da ke fita daga lasifikar ita ce dai wadda ta sa Gajere rawa a kan dutse ɗazu. Duk abin da ta faɗa, samari sai su ƙara dariya, suna cewa Mamuda bai canza ba. Dattawa ba su yi dariya ba. Yanzun nan aka nuna musu fadamarsu, aka nuna musu alkamar da aka ce za su samu, aka kuma nuna musu bayan mutum ɗaya a tsakiyarta. Isa ya sauke hannu daga fuskarsa, ya dubi wanda ke gefensa. Sannan ya tashi ya kama bakin tabarmar ya tsaya yana jira. Sai da Bawa ya miƙe, sannan Isa ya naɗe ta ya tafi.

Mamuda ya jefar da makirfo ya bi yayansa. Ya same shi a lungun da ke zuwa gidansu, yana tafiya yana dafa bango.

"Yaya. Yaya ka tsaya. Wallahi akwai huskar, ban san an yanke ta ba. Zan tahi Sakkwato, zan tahi Kaduna, dole akwai wani kwahi..."

Bawa ya tsaya. Bai ɗaga murya ba, bai ma juyo gaba ɗaya ba.

"Wancan karon ba ka tambaye ni ba," in ji shi. "Wanga ma ba ka tambaye ni ba."

"So niy yi in wanke ka."

"Da ka tambaya da na hwaɗa maka. Tun bayan kaka yara sunka rage kiran sunan. Sati ukku ke nan Isa na matsa min wuri masallaci. Jiya yab biyo ni gona, yac ce gobe in zo in duba masu iyaka shi da ƙaninai." Ya maida numfashi. "Sun gaji, Mamuda. Sun hwara mantawa. Sai kaz zo da inji ka tuna musu."

Bawa ya sa kai cikin zaure, sannan ya ɗan dakata.

"In ka tashi komawa, ka gaida mutanen Mahwara," ya ce, ya ja ƙyaure ya rufe.